Hula a Kan Mita

Lafiya,
12 ga Yuni, 2004

Zuwa ga mai ɗakina, Jumai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Iya? Kumburin ƙafar ya saɓe kuwa? Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata surukinta yana sa ta a addu'a kullum. Tunda har yanzu wayar salula ba ta san hanyar ƙauyenku ba, na ba Abdulrahaman mai motar Gashuwa wannan takarda, ya ce zai miƙa miki hannu da hannu.

Mu nan lafiya lau. Ruwa yana ta sauka, doyar bayan gida ta yi ganye. Rufin kicin da kika ce in gyara kafin ki tafi yana nan yana ɗiga, na sa masa bokiti, kada ki yi mini faɗa.

Babban labari shi ne motar Sailuba ta iso daga Kwatano. Kin san farkon wata mai zuwa za ta fara aiki a asibitin haihuwa na Doma, kuma kin tuna ranar da za ki hau mota, yadda kika riƙe hannun rigata a tasha kika ce, "Ga auta nan, amana ce, kai za ka koya mata tuƙi da kanka." Haba Jumai! Ni za a yi wa wannan kashedin? Shekara talatin da 'yan kai ina kai fasinja Jos da Makurɗi a fijo, ban taɓa kwantar da mota ba, ko kaza ban taɓa takawa ba. Ba a banza 'yan tasha suke ce mini Mai Kunne ba. Ki kwantar da hankalinki ki yi jinyar mahaifiyarki.

Sai dai motar, ke dai bari. Na ce wa yarinyar nan ta sayi salun ƙaramar mota mai zama ƙasa-ƙasa irin tawa, ta ƙi, wai hanyar Doma tana da ramuka kuma wani lokaci za a kira ta ƙauye karɓar haihuwa. Sai ga ta da ƙaramar jif irin wadda ma'aikata suke yayi yanzu. Kyau kam akwai, koriya shar, har maƙwabta suka fito kallo. Amma da na buɗe bonet sai na yi dariya. Injin ɗin bai fi na Dattijuwa ba, wato tsohuwar fijona, ga shi an ɗora masa gangar jiki mai nauyi da dogayen ƙafafu. Ba ta da kuloci, ita ke sa wa kanta giya. Ka taka totur sai ta tsaya tana shawara, kamar an tashi saniya mai ciki daga kwance. Dattijuwa kuwa da na ɗaga ƙafa daga kuloci na ba ta wuta, sai ki ji kujera ta doki bayanki. Wannan ita ce mota.

Kuma shiru gare ta, Jumai. An rufe gilas, an kunna sanyi, kana can sama kana leƙen kan mutane, ba ƙarar inji ba iska. Wallahi kamar kana zaune a falo. Na ce wa Sailuba wannan motar ba ta da wuta, ko kin so ki yi gudu da ita ba za ta yarda ba, don haka uwarki ta huta da fargaba. Ta turo baki ta ce, "Baba, kishi kake yi don tawa ta fi taka tsayi."

Mun fara koyo a filin makaranta, yanzu mun hau kwalta. Hannunta yana da kyau, jinina ne. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai, kowane lokaci idonta yana kan mita, tana kallon allura maimakon hanya. Sai na yi mata abin da ubangidana marigayi ya yi mini a tashar Jos ina saurayi. Na cire tsohuwar hulata, zannar nan da kika ce ta koɗe in yar, na kifa ta a kan mitar. Na ce mata mita ta 'yan koyo ce da Turawa. Direban gaske da kunne yake sanin gudunsa, da kuma yadda kujera take gaya wa jikinsa. Ni zan riƙa faɗa miki, nan sittin ne, nan tamanin ne, har jikinki ya haddace. Tamanin shi ne iyakarki a hanyar Doma.

Ta ji kuwa. Matsalar dai motar ce, don kafin ta kai abin da nake ji tamanin sai na yi ta cewa taka, taka, kada ki ɗaga ƙafa. Na koya mata ta danne totur tun daga tashi, in ba haka ba ko acaɓa sai ya wuce ta.

Kin tuna Torkuma, abokina na tasha, wanda muka yi layin Makurɗi tare? 'Yarsa Hembadoon ita ma asibitin nan aka tura ta aiki, don haka tare za su riƙa tafiya da dawowa. Ya zo har gida da lemo cikin buhu yana godiya, ya ce tunda ni na koyar da direbar, shi barci zai yi da minshari.

Ki gaishe da kowa da kowa. Sailuba tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da turaren wuta. Allah ya ba Iya lafiya, ya dawo mini da ke, don tuwon auta har yau gudaji ne.

Naki har kullum,
Babandi Mai Kunne

Lafiya,
4 ga Yuli, 2004

Zuwa ga Jumai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta kewa. Takardarki ta iso tare da bandar kifi da kuka, Allah ya saka da alheri. Na ji daɗi da kika ce Iya ta fara takawa zuwa tsakar gida. Yaya ƙarfin jikinki ke kanki? Kada ki manta da maganin hawan jininki garin kula da wani.

Kin tambaye ni ko auta ta iya sosai. Ta iya. Ta ma fara aiki ranar Alhamis, ita kaɗai take tuƙa kanta da Hembadoon. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma in ban faɗa miki ba ban san wa zan faɗa wa ba.

Asabar ɗin da ta wuce waccan muka yi gwajin ƙarshe zuwa Doma. Sailuba a sitiyari, ni a gefe, hula a kan mita. Torkuma ya ce zai biyo mu a salun ɗinsa, yana da gona ta wajen. Da muka isa sai da muka sha ruwa muka gaisa da mutane kafin ya ƙaraso. Ya fito yana share gumi, ya ja ni gefe. Kin san Hausar Torkuma. Ya ce, "Babandi, motan nan yana gudu fa. Na sa ɗari da goma ban ga bayanku ba. Ka gaya ma yarinya ya rage." Na tuntsire da dariya a gaban yara, na ce motarka ce ta tsufa kamar mai ita, mu tamanin muka riƙe tun daga Lafiya. Bai yi dariya ba. Ya ce to, kai ne Mai Kunne.

Maganar ta ƙi barina. Ranar Litinin bayan azahar na karɓi makulli na ce zan duba mata birki, na hau hanyar Asakiyo ni kaɗai. Na kifa hula. Na taka har inda jikina ya ce mini ga tamanin nan, daidai yadda nake faɗa wa Sailuba, sannan na miƙa hannu na ɗaga hular.

Jumai, allura ta wuce ɗari da ashirin.

Na gangara gefen hanya na tsaya. Na ce ƙarya ne, motar tokumbo ce da aka gama hawa a Turai, an taɓa mitar. Na koma gida na ɗauko Dattijuwa na bi hanyar nan dai. Na ba ta wuta har inji yana kuka, iska tana marina ta taga, kwalta tana gudu a ƙarƙashin gwiwata, na ce yau kam na kai ɗari da ashirin. Na duba, casa'in da kaɗan. Washegari na sa Torkuma ya jera da ni ba tare da na gaya masa dalili ba, mitarsa da ta jif bakinsu ɗaya. Mitar ba ta yi ƙarya ba.

Sai yanzu na gane abin. A salun kana zaune dab da ƙasa, komai yana wuce ka da sauri, inji yana yi maka ihu a kunne, kowace giya ka sa sai ta fizge ka. Ƙaramin gudu sai ka ji shi babba. Jif ɗin nan kuwa gaskiya ne tana da nauyin tashi, nan ban yi kuskure ba. Amma da ta miƙe sai ta yi ta tara gudu a hankali ba ta gaya maka ba, kana can sama hanya ta yi maka nisa, gilas ya toshe maka kunne. Na ɗauki nauyin tashinta na ce rashin ƙarfi ne. Kunnen da nake taƙama da shi a fijo ya yi karatu, bai san wannan motar ba. Ke nan wata guda ina zaune kusa da 'yata ina ce mata taka, ina koya wa jikinta cewa ɗari da ashirin sunansa tamanin.

Na dawo da niyyar in zaunar da ita in faɗa mata. Wallahi da niyyar na dawo. Na tarar da su a tsakar gida ita da Hembadoon suna ɓare gyaɗa, tana ba ta labarina. Tana cewa, "Babana ko an ɗaure masa ido zai gaya miki gudun mota. Bai taɓa kuskure ba." Fuskarta tana haske, Jumai, irin yadda take kallona tun tana ƙarama in na dawo daga Jos da biredi. Hembadoon ta ce, "Baba, ni ma sai ka koya mini." Abin da na iya cewa kawai shi ne ki riƙa sassautawa a hanya, damina ce. Ta yi dariya ta ce, "Yau kuma? Ba kai ka ce motar ba ta da wuta ba?" Ni ma na yi dariya. Ina jin kunyar rubuta miki wannan, amma na yi.

Abin da nake lallashin kaina da shi shi ne, yanzu ba na cikin motar, ba mai kifa mata hula. Mita a buɗe take a gabanta, yarinya ce mai ilimi, za ta ga allura da idonta ta gyara da kanta, ba sai na tsaya a gabanta na ce ubanki bai san abin da yake yi ba. Kullum da yamma ina zama a dakali har in ga koriyar motar ta shawo kwanar layinmu, sannan in shiga gida. Na san wannan ba gyara ba ne. Na yanke shawara Asabar mai zuwa, da ba ta da aiki, zan fita da ita hanyar Asakiyo in nuna mata abin da na gani, ta yi mini dariyar da za ta yi. Kada ki tsorata, kafin takardar nan ta iso gare ki na gama.

Af, ko kin san inda zannar nan tawa ta shiga? Tun ranar Laraba na rataye ta a ƙusar zaure ban sake ganinta ba. Na san ba kya nan, amma ke ce kullum kike sanin inda kayana suke.

A gaishe da Iya da sauran dangi. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Babandi

Lafiya,
9 ga Yuli, 2004

Jumai,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ina fata Iya tana samun sauƙi. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma ki fara da wannan: Sailuba tana da rai, tana magana, ta san kowa. Na rantse miki da Allah ba ɓoye miki nake yi ba.

Jiya Alhamis da safe suka yi hatsari a hanyar Doma. An kwana ana ruwa, kwalta da santsi. A kwanar nan mai itatuwan mangwaro wani mai babur ɗauke da buhunan gawayi ya fito daga hanyar gona. Ta taka birki ta kauce masa, ba ta taɓa shi ba. Da salun ce, da wataƙila ta ja taya ta tsaya a ciyawa. Amma doguwar mota ce, kuma da gudun da take ciki, sai ta tashi ta wuntsila har cikin gonar rogo. Manoma ne suka fito da su. Mai babur ɗin da kansa ya zo tasha yana kuka yana neman ubanta.

Hembadoon ta karye a cinya, an ce za a yi mata aiki a sa ƙarfe. Sailuba ta fashe a goshi an ɗinke, wannan ba komai ba ne. Hannunta na dama ne abin dubawa, ƙofa ta danne shi. Likita ya ce a jira kumburi ya sauka kafin a san halin yatsun. Hannun da take karɓar jarirai da shi, Jumai.

Suna ɗaki ɗaya a babban asibiti, gado yana kallon gado. Tun jiya ta ƙi cin komai. Na kai mata kunu ta kawar da kai. Ba ciwon ne yake sa ta kuka ba, da ta dubi Hembadoon sai hawaye. Da na sunkuya kusa da ita sai ta kama rigata da hannun hagu ta ce, "Baba, ka yafe mini, na ba ka kunya. Ka koya mini daidai, ni ce ban iya ba. Wallahi tamanin nake, ban wuce ba." Na ce ki yi shiru, ƙaddara ce. Ƙaddara! Kin ji abin da ya fito daga bakina. Na samu wurin ɓuya a bayan kalmar Allah, ina kallon 'yata tana ɗaukar kayan da ni na ɗaure.

Da la'asar muka je da Torkuma inda motar take don mu kwaso jakunkunansu. An riga an tayar da ita a kan ƙafafunta, rufin ya lotse, gilas ya zube. Na leƙa ta wajen direba ina neman makulli.

Hulata tana kan mita. Ba kifa ta kawai aka yi ba, an soke ta da fil ɗin ɗankwali ta gefe biyu a jikin robar don kada ta zame. Duk wuntsilawar nan ba ta faɗi ba.

Ashe ita ta ɗauke ta daga zaure. Ni ina dakali ina cewa mita a buɗe take za ta gani da idonta, ita kuwa kullum da safe tana rufe ta da hular ubanta, yadda ubanta ya koya mata. Na zauna a cikin rogon mutane. Torkuma ya zagayo ya leƙa. Ya zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya karkaɗe gilas daga jikin hular, ya miƙo mini. Ya ce, "Hulanka ne."

Gobe ce Asabar ɗin da na ce zan fita da ita. Kwana biyu kacal, Jumai. Ba ma kwana biyu ba, magana ce ta minti ɗaya a tsakar gida, ga ta ga ni, na zaɓi a ci gaba da ce mini Mai Kunne. Kin ba ni amana a gaban mutane na yi miki dariya. Ban san da wane ido zan dube ki ba.

Har yanzu ban faɗa mata ba. Ina ce wa kaina sai ta ɗan samu ƙarfi, amma na san muryar nan, ita ce ta ce mini in bari sai Asabar.

Kada ki gaya wa Iya tukuna, jikinta ba zai ɗauka ba. Ki ce mata auta ce ba ta jin daɗi. Zan sake rubuto miki da motar Talata ko ta Alhamis.

Ni ne,
Babandi

Lafiya,
15 ga Yuli, 2004

Zuwa ga Jumai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Iya. Abdulrahaman ya ce da ya ba ki takardar kin karanta a tsaye, kin shiga ɗaki, kin fito kin ce masa babu amsa. Na fahimta. Ya kuma ce kina neman wadda za ta zauna da Iya. Allah ya sa a samu da wuri.

Ga halin da ake ciki. An yi wa Hembadoon aiki, an dace. Za ta taka, amma likita ya ce da wuya ƙafar ta koma daidai da 'yar'uwarta. Hannun Sailuba ya saɓe. Babban yatsa da manuni suna motsi. Sauran ukun ko an soka musu allura ba ta ji. An ce jijiya ce, wani lokaci takan farfaɗo, wani lokaci ba ta farfaɗowa. Ta tambayi likita ko za ta koma ɗakin haihuwa, ya ce a bar wa Allah. Ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta san ma'anar wannan amsar.

Na fara da Torkuma. Na same shi a bencin da ke ƙofar ɗakinsu, na gaya masa komai, har da dalilin da ya sa na ce ya jera da ni ranar nan. Ya saurara yana kallon ƙasa. Ya ce, "Na gaya maka a Doma. Ka yi mini dariya a gaban yara." Na ce haka ne. Ya ce, "Kuma ka sani tun kafin." Na ce na sani. Ya tashi ya shiga wajen 'yarsa. Har yau yana kawo abinci kwano biyu, ɗaya na Hembadoon ɗaya na Sailuba, matarsa tana yi wa auta wanka kamar ita ta haife ta. Yana amsa gaisuwata. Amma in na zauna a bencin sai ya tuna yana da abin yi a waje.

Shekaranjiya da hantsi, da aka tura Hembadoon ɗaukar hoto, na ja kujera kusa da gadon Sailuba. Na ciro hular daga aljihu na ajiye a kan zanen gado. Na ce mata ba tamanin kike ba, kin wuce ɗari da ashirin, kuma ba laifinki ba ne. Ni na koya miki lambar ƙarya. Na faɗa mata yadda salun take ƙara wa gudu girma, jif take ɓoye shi. Na faɗa mata na gano tun kafin ta fara aiki, na shigo gida in gaya mata, na ji tana yabona, na haɗiye. Ban rage komai ba. Na shirya ta yi ihu, ko ta ce in fita. Wallahi da ta zage ni da na ji sanyi.

Ta dubi hular. Sannan ta ce, "Baba, ai na gani."

Na ce kin ga me?

Ta ce ranar da ta fara aiki, a miƙaƙƙiyar hanyar nan kafin kwana, hular ta zame ta faɗo kan cinyarta. Ta ga allura a ɗari da ashirin, har ta ɗaga ƙafa. Sai ta tuna a daidai wurin nan, da irin wannan jin a jikinta, na sha ce mata yauwa, nan ne tamanin. Ta ce a ranta, to mitar ce ta lalace, motar tokumbo ce. Shi ya sa washegari ta zo da fil ta soke hular, don kada mitar banza ta sake ruɗa ta.

Jumai, ta ga gaskiya da idonta, ta rufe ta, saboda ni.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo ta dube ni da ɗinkin nan a goshinta, ta ce, "Da ka faɗa mini ai da na ji, Baba. Yaushe ka taɓa faɗa mini abu ban ji ba?"

Ta tura mini hular da bayan hannunta mai bandeji, ta juya ta fuskanci bango. Da yamma matar Torkuma ta ce auta ta sha kunu rabin kofi, karo na farko tun ranar. Da aka dawo da Hembadoon kuma ta iya kallonta ba ta yi kuka ba. Wannan kaɗai na samu, kuma na gode wa Allah da shi.

Jiya na je da safe kamar kullum. Ta gaishe ni da ladabi, ina kwana Baba, an tashi lafiya, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Na tambaye ta ko akwai abin da take so in kawo mata daga gida. Ta ce, "Mama nake so."

Don haka ki taho, Jumai, ko da Iya za a ɗauko a taho da ita. Ba na roƙon ki yafe mini a takarda, ki zo ki faɗa mini duk abin da ke bakinki a gabana, na cancanta. Abdulrahaman zai taso ranar Lahadi, na ce ya ajiye miki kujerar gaba. Na kuma roƙe shi ya riƙa duba mitarsa. Ya yi dariya ya ce yau Mai Kunne ne da wannan magana, na ce masa kada ya sake kirana da sunan nan.

Zan jira ki a tasha. In kin ga dama ki wuce ni ki tafi asibiti kai tsaye, ɗaki na biyu ne a hannun hagu, gadon da ke jikin taga.

Allah ya kawo ki lafiya.

Babandi